Daga "Sun Ci" Zuwa "Mun Ci": Yadda Ƙwallon Kwandon Kansas Ta Shiga Raina

Duk ranar Juma'a, idan na sauko daga tudun da Jami'ar Kansas take zan tafi masallaci, sai na bi ta gaban wani tangamemen gini na dutse mai jan rufi. Titin sunansa Naismith Drive. Masallacin garin Lawrence a kansa yake, ginin ma a kansa yake, tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. Na yi wata biyar cur ina wuce shi ban taɓa tsayawa na yi masa kallon tsaf ba. A watan Agustan 2017 na zo, karatun digiri na uku a fannin haɗa magunguna ne ya kawo ni, kuma abin da ke gabana ya ishe ni: ɗakin gwaji, kuɗin haya, da matar da na baro a Kano da jaririya a hannu.

Ba wai ban san daɗin ƙwallo ba. Na tashi ina bin yayana filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, muna ihun "Sai Masu Gida" har muryarmu ta dushe. Amma wannan ƙwallon ƙafa ce, kuma ƙungiyar gari ce. Ƙwallon kwando kuwa a wurina wasan dogayen samarin Zariya ne. Abin da ya fi ɗaure mini kai a Lawrence shi ne, wai ƙungiyar ɗalibai ce ake wa wannan rawar jiki. A gida idan 'yan jami'a suna wasa, daga su sai abokansu a bakin fili. A nan kuwa direban bas, da mai sayar da burodi, da farfesa mai furfura, kowa da shuɗiyar riga mai hoton wani tsuntsu mai jan kai da rawayan baki, wanda suke kira Jayhawk.

Wanda ya fara jawo ni abokin aikina ne a ɗakin gwaji, ɗan manoman alkama daga yammacin jihar. Bai taɓa cewa in zo in goyi bayan kowa ba. Cewa ya yi iyayensa sun zo gari, mahaifiyarsa ta dafa abinci babu naman alade a ciki saboda ni, in daure in zo. Ranar 23 ga Janairun 2018 ce. Ina shiga na tarar an kunna talabijin, Kansas ta je baƙunci Oklahoma. Tsohon, wanda tun daga ranar nake kira Baba, ya matsa mini kujera kusa da shi, ya nuna wani ƙaton yaro mai lamba 35 ya ce, "Ga ɗan ƙasarku nan."

Udoka Azubuike ke nan. A Legas aka haife shi, ya bar gida yana ɗan shekara 13 da wani abu, kuma a lokacin da nake kallonsa shekararsa 18, tsawonsa ya kusa ƙafa 7. Idan ƙwallo ta shiga hannunsa a gindin raga, magana ta ƙare, danna ta kawai yake yi. Amma yana da lago guda: jifan da ake ba ɗan wasa daga kan layi idan an yi masa ƙeta, ba mai tare shi, ba mai taɓa shi, shi ne ba ya iyawa. 'Yan Oklahoma sun san haka. Da wasa ya zo ƙarshe Kansas tana gaba, sai suka koma yi masa ƙeta da gangan. A kai shi layi, ya jefa, ta ƙi. A sake rungume shi, a sake kai shi, ta sake ƙi. Dubban mutane suna masa sowa, kyamara ta kafe a fuskarsa, yaro yana goge gumi yana kallon ƙasa. Kocinsu, Bill Self, bai cire shi ba. Aka cinye Kansas da ci 85 da 80.

Ni dokokin wasan ma ban gama sani ba a daren. Abin da na gani shi ne yaron da ke nesa da uwarsa, an tsayar da shi a tsakiyar taro ana tona masa asiri, kuma na san wannan tsayuwar, domin makonni kaɗan kafin nan na tsaya gaban malamai ina gabatar da bincike, harshena ya sarƙe, na ga wasu suna duba agogo. Baba ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Laifin koci ne, ba na yaro ba. Kuma za ka ji ya faɗa da bakinsa." Haka kuwa aka yi, Self ya ɗauki laifin a gaban 'yan jarida. Na koma ɗakina da sanyi yana yankar kunne, na kwanta, amma sai na sami kaina ina duba waya don in ga yaushe ne wasa na gaba. Ba ƙungiyar nake bi ba tukuna. Yaron nake so in ga ya tashi.

Daga nan sai tambaya ta yi yawa a bakina, kuma a Lawrence mai tambaya kan ƙwallon kwando ba ya rasa malami. A nan na san cewa Naismith ɗin da nake bin titinsa zuwa masallaci shi ne James Naismith, mutumin da ya ƙirƙiro wasan gaba ɗaya a 1891 a garin Springfield na jihar Massachusetts, da kwandunan zuba 'ya'yan itace guda biyu. Ya zo Kansas a 1898, shi ne kocinta na farko, kuma a Lawrence kabarinsa yake. Takardu biyun da ya buga dokoki 13 na farko a kansu suna nan a wani gini da ke manne da filin, a bayan gilashi. Wani tsohon ɗalibi ne ya saye su a gwanjo a 2010 a kan sama da dala miliyan 4 ya kawo su. Shi kuwa ginin da nake wucewa, Allen Fieldhouse, an buɗe shi a 1955, an sa masa sunan Phog Allen, ɗalibin Naismith wanda ya shekara 39 yana horar da ƙungiyar. Gunkinsa ne a tsaye a bakin ƙofa, wanda na sha wucewa ina zaton wani gwamna ne.

Baba ya ba ni wani ɓangaren da ba a rubuce yake a bango ba. Ya ce a gonarsu, tafiyar sa'o'i daga Lawrence, mahaifinsa yakan kunna rediyo a ɗakin girki cikin daren hunturu, su zauna su ji muryar Max Falkenstien, mutumin da ya shekara 60 yana sharhin wasannin Kansas. Shi Baba bai yi jami'a ba. Bai taka Allen Fieldhouse ba sai da ya yi aure. Amma ya ce ba ya tuna ranar da ya zaɓi Kansas, kamar yadda ba ya tuna ranar da ya zaɓi sunan mahaifinsa. Da na tambaye shi me ya sa ba sa ga maciji da 'yan Missouri, sai ya kai ni har 1863, lokacin yaƙin basasar Amurka, sa'ad da mahara masu goyon bayan cinikin bayi suka ƙetaro daga Missouri suka ƙone Lawrence, suka kashe maza da samari sama da 150. Sunan Jayhawk ma daga mayaƙan Kansas na wancan zamani ya samo asali. Na gane ke nan abin ya wuce jefa ƙwallo a raga.

To amma sani daban, shiga daban. Shigata ta ƙofar zaman dirshan ce.

Ga yadda ɗalibai suke samun wurin zama mai kyau. Tikitin ɗalibi ba ya ɗauke da lambar kujera. Wanda ya riga shiga shi ne a gaba. Don kada a yi turereniya, ɗalibai da kansu suka tsara abin. Ana haɗa rukuni-rukuni, kowane da sunan da ya raɗa wa kansa. Washegarin duk wasan gida, da sassafe, a taru a filin a jefa ƙuri'a don a san rukunin da zai zama na ɗaya, na biyu, har ƙasa. Daga nan har ranar wasa na gaba, dole kowane rukuni ya ajiye aƙalla mutum ɗaya a cikin ginin daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare. Ana iya kiran suna a kowane lokaci. Rukunin da aka kira ba a amsa ba, an soke shi, sai ya koma ƙarshen layi. Rukunin abokina kullum a kan zaman ƙarfe 6 suke rigima, ba mai so. Na ce su ba ni, ai ni ko babu ƙwallo ina tashi Asuba.

Haka na fara, a makon wasan West Virginia, tsakiyar Fabrairu. In fito cikin duhu, ƙanƙara tana ƙara a ƙarƙashin takalmi, in tarar da barandar ginin cike da yara a kwance bisa katifun iska, wasu sun lulluɓe da bargo har ka, wasu suna karatu a kwamfuta da ido rabi a rufe. Ƙasan siminti ne, sanyinsa yana ratsa wando. Ranar farko, bayan an kira suna na amsa, na duba agogo na ga in na tafi masallaci zan iya jawo a soke mu. Na nemi wani lungu kusa da matakala, na fito da dardumata daga jaka. Wani saurayi na kwance a wurin da waƙa tana tashi daga wayarsa. Bai ce mini komai ba. Ya kashe waƙar, ya janye katifarsa gefe, ya juya baya. Da na sallame sai ya tambaye ni sunan rukuninmu, ya ce gobe in aka kira ina salla zai ce a jira ni. Kwana huɗu muka yi haka, kuma ban taɓa sanin sunansa ba, sai sunan rukuninsu. Na sha tunanin cewa da kuɗi na biya na shiga kai tsaye, da ban zama abin da na zama ba. Abin da mutum ya yi wa sammako, ya ci sanyi dominsa, ba ya kallonsa da idon baƙo.

Ranar Asabar 17 ga Fabrairu aka buɗe mana ƙofa tun da sauran sa'o'i biyu. Muka sami benci a bayan raga. A lokacin ginin yana ɗaukar mutum 16,300, kuma a matse ake zama, gwiwar na baya a gadon bayanka. Aka rarraba mana jaridar ɗalibai, kowa ya duƙufa yana yayyaga ta ƙanana-ƙanana yana tarawa a cinya, ya rage shafi guda. Da aka fara kiran sunayen 'yan West Virginia, sai kowa ya ɗaga shafin nan ya rufe fuska kamar mai karatu, wai ba su isa a kalle su ba. Da aka zo kan namu, aka watsa yagaggun takardun sama, suka yi ta zubowa kamar farin ɗango. Amma abin da ya kama ni ya riga wannan. Kafin a fara, kowa ya dafa kafaɗar na kusa da shi aka rera taken makaranta, sannan kayan kiɗa suka yi tsit, sai dubban muryoyi suka ɗauki kirarinsu na "Rock Chalk" a hankali, ƙasa-ƙasa, ana jan kowace kalma. Kirarin ya samo asali tun 1886, kuma dutsen allin da ke tudun jami'ar ake nufi. Na zaci ihu zan ji. Wannan natsuwar ce ta sa tsigar jikina ta tashi.

Ihun ya zo daga baya. West Virginia ta matsa mana, ana saura kamar minti 10 tana gaba da maki 12. Sai aka fara cike giɓin, kuma duk kwandon da aka ci sai ƙarar ta ninka, har na daina jin muryar abokina da bakinsa ke dab da kunnena. Benci yana rawa a ƙarƙashin ƙafata. Shekara guda kafin nan, a wannan ɗakin, an auna ƙarar da ta haura ma'aunin desibel 130, ta shiga kundin Guinness. Idan ɗan wasan abokan hamayya ya cika ƙetarsa aka fitar da shi, sai a ɗaga hannaye sama ana kaɗa su hagu da dama, wai alkama ce iska take kaɗawa, kuma wallahi sai da na tuna gonakin Kadawa da rani. Aka tashi 77 da 69. Gaskiya ɗaya ce: an ba Kansas jifan layi 35 a wasan, West Virginia 2 kacal, har alƙali ya kori kocinsu Bob Huggins saboda ƙorafi. Da ni mutuminsu ne, da na yi ƙorafin da ya fi nasa. Amma a daren ban ji tausayinsu ko kaɗan ba, kuma wannan ma alama ce.

Sauran kakar ta wuce da gudu. Kansas ta ɗauki kambin rukuninta na Big 12 karo na 14 a jere. Aka shiga babbar gasar watan Maris, ta ƙungiyoyi 68, wadda duk wanda aka cinye sau ɗaya ya tattara kayansa. Ranar 25 ga Maris aka haɗu da Duke a Omaha. Jifan ƙarshe na ɗan Duke, Grayson Allen, ya zagaya bakin raga kamar zai faɗa, ya fito. A ƙarin lokaci Malik Newman shi kaɗai ya ci duka maki 13 na Kansas, aka tashi 85 da 81. Garin kaf ya kwarara titin Massachusetts, ni ma ina ciki, ina tafawa da mutanen da ban taɓa gani ba. A makon kuma labari ya fito cewa mahaifiyar Azubuike ta sami biza, za ta zo San Antonio, inda za a buga wasan kusa da na ƙarshe, ta ga ɗanta bayan kusan shekara 6. Wannan labarin ya fi cin Duke taɓa ni.

Sai Villanova ta yi mana ruwan jifan nesa mai maki uku, guda 18, a wasan kusa da na ƙarshe. 95 da 79. Tun kafin hutun rabin lokaci an san inda aka dosa. Washegari yayana ya kira daga Kano, ya ji muryata ya ce, "Lafiya kuwa? Ko jikin ne?" Na ce, "Yaya, an cinye mu jiya." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ku su wa?" Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa. Wata biyu da suka wuce "sun ci", "an cinye su" nake cewa. Ban san ranar da kalmar ta juya ba, kuma ba daren murna ne ya nuna mini ba, safiyar baƙin ciki ce.

Ba zan ɓoye abin da ya riƙa damuna ba. Yaran nan suna cika ɗaki da mutum dubu 16, gidajen talabijin suna zuba maƙudan kuɗi, kociyoyi suna karɓar miliyoyin daloli, amma su doka ta hana su karɓar ko sisi da sunansu, sai a Yulin 2021 aka sassauta. A irin wannan tsari kuɗi ba ya rasa hanyar bi ta ƙarƙashin ƙasa. A Oktoban 2023 hukumar da ke sa ido ta soke nasarori 15 na Kansas daga kakar 2018, saboda wani ɗan wasa da aka ce bai cancanci bugawa ba. Wasan Duke ma yana ciki. A takarda, ba a yi su ba. Ban ce hukuncin zalunci ba ne, kuma ban ji daɗin abin da ya jawo shi ba. Na dai san sanyin simintin da na zauna a kai.

Wanda ya fi ciwo shi ne 2020. Azubuike ya dawo daga raunin hannu ya zama dodon fili. Ranar 4 ga Maris, a wasansa na ƙarshe a gida, ya ci maki 31, sannan ya karɓi makirufo kamar yadda 'yan ajin ƙarshe suke yi, ya yi godiya. Ina tsaye a bencin nan ina kallon yaron da na fara gani yana sunkuyar da kai a Oklahoma, ɗaki guda yana kiran sunansa. Kansas ce ta ɗaya a duk ƙasar, ta ci 28 an cinye ta 3. Kwana 8 bayan nan, ranar 12 ga Maris, aka soke gasar baki ɗaya saboda korona. Baba ya kira ni a daren. Bai yi maganar kofi ba. Ya ce, "Ɗan ƙasarku ya cancanci a bar shi ya ƙarasa."

Na gama karatu na dawo Kano a 2021, kuma na ɗauka abin zai yi sanyi da nisa. Bai yi ba. Wasan ƙarshe na 2022 ya faɗo ranar 4 ga Afrilu a New Orleans, Kansas da North Carolina, a kwanakin farko na azumi. A agogonmu ƙarfe 2 da minti 20 na dare ne. Zafin bazara ya hana ɗaki zama, an kuma ɗauke wuta, don haka na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na jingina waya a jikin buta, na sa abin ji a kunne ɗaya don kada in tashi yara. Tauraron ƙungiyar a shekarar, Ochai Agbaji, shi ma mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Aka tafi hutun rabin lokaci North Carolina tana da 40, mu 25. Na tashi na yi alwala, na yi nafila raka'a biyu. Ban roƙi komai a kan ƙwallo ba, zuciyata dai nake so ta lafa. Saƙon abokina ya shigo: Baba ya ƙi tashi daga kujerarsa, ya ce saura minti 20.

Aka dawo, kamar an canja yaran. Kafin a kai tsakiyar zagaye na biyu an cike giɓin. Ana saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, David McCormack ya kamo ƙwallon da ta dawo daga raga ya mayar, 70 da 69. Ana saura daƙiƙa 22 ya sake ci, 72 da 69. Sai kuma ɗanmu ya taka layi ana saura daƙiƙa 4, ƙwallo ta koma hannunsu. Hoton wayata ya tsaya cik a daidai nan, ƙaramar da'ira tana juyawa a tsakiya. Na miƙe tsaye na ɗaga ta sama wajen katanga. Da ya dawo, shuɗayen riguna da fararen kaya ne suke gudu a tsakiyar fili: jifan ɗan North Carolina, Caleb Love, bai shiga ba. Kafin hutu giɓin ya taɓa kai maki 16, kuma ba a taɓa farfaɗowa daga irin wannan giɓi a wasan ƙarshe an ɗauki kofi ba sai ranar.

Ban yi ihu ba, unguwa tana barci. Na zauna a bakin tabarmar hannuna yana rawa, na rubuta wa abokina ya gaida mini Baba. Agogo ya wuce 4 da rabi. Matata ta fito da fitila a hannu za ta ɗora sahur, ta haska ni ta ga idona.

"Malam, lafiya?"

Na ce lafiya lau.

Ta dubi wayar, ta dube ni. "Kun ci ke nan?"

"Mun ci."

"To madalla. Taso ka miƙo mini gawayin can, lokaci yana tafiya."